“An ambaci bincikensa sau dubu”: to, da me aka ambace shi?

Na yi alkawarin wannan makon za mu ƙarasa maganar yaye, amma ki yi min uzuri, wani abu ya taso a cikin gidanmu wanda ba zan iya ɗagawa ba. Yaye na nan, ba inda zai je.

Daren Talata ina aikin kwana, wajen ƙarfe sha ɗaya, sai ga saƙo daga matar babban yayana. Autanta ya cika wata tara, kuma ranar Alhamis ce a rubuce a katinsa za a yi masa allurar ƙyanda. Bidiyo ta turo min, irin wanda ake ta turawa daga zaure zuwa zaure a WhatsApp har hoton ya dushe. Wani Bature ne cikin kwat yana magana, an danne muryarsa an ɗora ta wani Bahaushe mai magana a natse. Mai fassarar yana cewa wannan babban likita ne a Ingila, ya gano allurar ƙyanda tana taɓa ƙwaƙwalwar yara, an buga bincikensa a ɗaya daga cikin manyan mujallun likitoci na duniya, masana sun ambaci binciken fiye da sau dubu, sannan aka kore shi daga aiki don ya faɗi gaskiya.

A ƙasan bidiyon ta rubuta: “Ƙanwata, don Allah duba min wannan. Gabana faɗuwa yake. Yayanki ya ce in kin ce a je, a je.”

Na kalle shi sau biyu a zaune kan benci. Abin da ya fi damuna, kusan duk abin da mai fassarar ya lissafa ya faru. Likita ne, gaskiya ne. An buga takardarsa a babbar mujalla, gaskiya ne. An ambace ta fiye da sau dubu, gaskiya ne. An hana shi aikin likita, shi ma gaskiya ne. Ƙaryar tana cikin abin da aka bari ba a faɗa ba. Shi ya sa na ce gara mu zauna yau mu warware wannan magana ta “an ambace shi sau kaza”, don na lura ta zama sabon makamin masu haɗa irin waɗannan bidiyoyi. Da can cewa ake “wani likita ya ce”. Yanzu da aka ga mun fara wayewa, sai ake haɗo mana da lambobi.

Bari in fara da yadda abin yake a wurin masu bincike. Idan mutum ya yi bincike a kan wata cuta, ba ya zama komai sai ya rubuta shi ya aika wa wata mujalla ta masana. Mujallar za ta ba wasu masanan fannin su karanta, su nemi kuskure, su ce a gyara ko a mayar masa da kayansa. In ya tsallake, a buga. Daga nan duk wani mai bincike da ya zo daga baya ya yi magana a kan wannan takarda a cikin tasa, dole ya sa sunanta a jerin da ke ƙarshen rubutunsa. Wannan shi ne ambato ɗaya. Akwai shafuka a intanet, irin su Google Scholar, da ke ƙirga waɗannan: wane ya buga takarda nawa, kowacce an ambace ta sau nawa. A 2005 wani masanin kimiyya a Amurka, Jorge Hirsch, ya fito da wani ma'auni da ya dunƙule ƙirgar biyu a lamba guda, ana kiransa ma'aunin h. In aka ce na wane 20 ne, ana nufin yana da takardu 20 waɗanda kowacce an ambace ta aƙalla sau 20. Jami'o'i na duba waɗannan lambobi wajen ƙarin girma da raba kuɗin bincike. Duk wadda mijinta ko ɗan'uwanta ke koyarwa a jami'a ta san yadda maganar buga takardu ke hana su barci.

Ba abin banza ba ne. Mutumin da ya yi shekara talatin yana bin diddigin yadda cututtuka ke yaɗuwa a cikin jama'a, abokan aikinsa na komawa ga rubutunsa, ba daidai yake da wanda ya sayi farar riga ya kunna kyamara ba. Amma na'urar da ke ƙirgar ba ta karatu, ƙidaya kawai take yi.

Ki ɗauki unguwarku. Akwai mata biyu da sunansu ba ya fita daga bakin mutane. Ɗaya telar da ɗinkinta ke zama a jiki, kowa tambaya take wa ya yi miki, a ce wance. Ɗayar kuma uwar adashin da ta tattara kuɗin mata ta bar gari ana saura mako biyu Sallah. In za a sa yaro ya zauna a bakin layi da littafi yana yin zane duk lokacin da aka kira sunan ɗayansu, wa kike jin za ta fi yawan zane? Ni dai na san amsa. To in baƙuwa ta zo aka nuna mata littafin aka ce ga matar da ta fi kowa suna a unguwar nan, ki ba ta ajiyar kuɗinki, an yi mata ƙarya a lissafi? Ba a yi ba. An dai cuce ta.

Likitan da ke cikin bidiyon sunansa Andrew Wakefield. Horonsa na tiyata ne, bincikensa a kan ciwon hanji, a asibitin Royal Free da ke Landan. A watan Fabrairun 1998 mujallar Lancet ta buga takardarsa, shi da wasu mutum 12. Takardar ta yi bayanin yara 12. Ki sake karantawa: yara goma sha biyu, ko rabin aji ɗaya na islamiyyar unguwa ba su kai ba. An ce yaran suna da matsalar ciki da matsalar ɗabi'a, yawancinsu lalurar otizim, wadda wasu ke kira galahanga, inda yaro ke samun tangarɗa wajen magana da mu'amala da mutane. An ce iyayen takwas daga cikinsu sun danganta fara ciwon da allurar MMR, wadda ta haɗa rigakafin cuta uku, ƙyanda da hangum da rubela. Ita kanta takardar ta rubuta cewa ba ta tabbatar da alaƙa tsakanin allurar da ciwon ba. Amma a taron 'yan jarida Wakefield ya ce shi a ganinsa a daina haɗa allurar, a riƙa yin kowacce dabam. Jaridu suka ɗauka, iyaye suka firgita.

Masanan yaɗuwar cututtuka suka ce to, a gwada mana. Nan ne wurin da nake so ki riƙe, don shi ne bambancin labari da bincike. Alamun otizim sukan fara bayyana tsakanin shekara ɗaya zuwa biyu, daidai lokacin da ake yi wa yara wannan allura. Saboda haka ko da allurar ruwan famfo ce, dole a sami iyaye da yawa da za su ce bayan an yi ta ne suka fara ganin canji, kuma ba ƙarya suke ba, abin da suka gani ke nan. Yaro yakan fara tafiya bayan ya yi haƙori, amma ba haƙorin ne ya ɗaga shi ba. Hanyar rarrabewa ɗaya ce: a ɗauki yara masu tarin yawa, waɗanda aka yi wa allurar da waɗanda ba a yi wa ba, a bi su shekaru, a ga ko ciwon ya fi yawa a ɓangare ɗaya.

Ƙasar Denmark ta dace da irin wannan aiki, don kowane ɗan ƙasa yana da lamba, kuma bayanan allurarsa da na asibitinsa duk suna rataye a jikinta. A 2002 masu bincike a can suka fitar da sakamakon bin yara 537,303, wato duk waɗanda aka haifa a ƙasar daga 1991 zuwa 1998. Ba su ga otizim ya fi yawa a cikin waɗanda aka yi wa allurar ba. A 2019 aka sake, da wasu yaran dabam, 657,461, har aka ware waɗanda ke da ya ko wa mai otizim aka duba su su kaɗai. Amsar ba ta canza ba. An yi makamancin haka a wasu ƙasashen, amsar dai ita ce.

Ga abin dariya da takaici. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan bincike da suka rushe maganar Wakefield, sai da ya sa sunan takardarsa a jerinsa, don dole ka faɗi abin da kake ƙaryatawa. Kowanne ya ƙara masa zane ɗaya a littafin yaron bakin layi. A 2019 wasu ma'aikatan ɗakunan karatu na jami'o'i a Amurka suka zauna suka bi rubuce-rubuce 1,153 da suka ambaci takardar, ɗaya bayan ɗaya, don su ga da me aka ambace ta. Guda 838 suka ne, kusan kashi uku cikin huɗu ke nan. Waɗanda suka ambace ta da goyon baya ba su kai ɗari ba. Wannan shi ne “sau dubu” ɗin da mai fassarar bidiyon ke taƙama da shi.

Maganar kora kuwa, ga yadda ta kasance. Wani ɗan jarida, Brian Deer, ya fara tono a jaridar Sunday Times a 2004. Ya gano cewa tun kafin a buga takardar, wani lauya da ke shirin kai kamfanonin allurar ƙara yana biyan Wakefield, kuma kuɗin da ya karɓa a tsawon shekaru sun haura fam 400,000. Wasu daga cikin yaran ma ta hanyar masu shirin ƙarar suka zo. Bai faɗa wa mujallar ba. An kuma gano cewa a 1997 ya shigar da takardar neman mallakar wata allurar ƙyanda ta dabam, wadda za ta sami kasuwa in mutane suka guji MMR. A 2004 ɗin, mutum 10 daga cikin abokan rubutunsa suka janye hannunsu daga fassarar da aka yi wa sakamakon. Hukumar da ke kula da rajistar likitoci a Birtaniya ta yi zaman sauraro na kwana 217, ta same shi da rashin gaskiya, da kuma sa yara cikin gwaje-gwaje masu wahala waɗanda lafiyarsu ba ta buƙata ba, irin su zura kyamara cikin hanji da ɗiban ruwan ƙashin baya. Har da ɗiban jinin yaran da suka zo bikin zagayowar haihuwar ɗansa, yana ba kowanne fam biyar. Ni da nake riƙe hannun yaro kullum ana neman jijiya, wannan wurin ne ya fi tsaya min a rai. A Fabrairun 2010 Lancet ta janye takardar gaba ɗaya. A Mayu aka soke sunansa daga rajistar likitoci. A Janairun 2011 mujallar likitoci ta BMJ ta fito fili ta kira aikin da zamba, bayan an kwatanta abin da aka rubuta a takardar da ainihin fayil ɗin yaran: biyar daga cikin sha biyun an riga an rubuta damuwa a kan girmansu tun kafin a yi musu allurar. Shi dai har yau yana musantawa, ya koma Amurka, a 2016 ya fitar da fim a kan maganar.

Shekara goma sha biyu takardar ta yi a tsaye kafin a janye ta. A cikin wannan tsakani yawan yaran da ake yi wa allurar a Ingila ya sauko daga kusan kashi 92 cikin ɗari zuwa kusan 80. Ƙyanda kuwa ba ta wasa da irin wannan giɓi, sai an rufe kusan kashi 95 take rasa hanyar wucewa. A 2006 wani yaro ɗan shekara 13 ya rasu, shi ne na farko da ƙyanda ta kashe a ƙasar cikin shekara 14. Zuwa 2008 hukumomin lafiya suka ce cutar ta dawo ta zauna a Ingila da Wales.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne na 'yan Somaliya mazauna jihar Minnesota a Amurka. Mata ne irinmu, masu hijabi da goyo, a baƙuwar ƙasa. Sun ga kamar otizim ya yi yawa a 'ya'yansu, suna neman wanda zai ba su amsa. Masu adawa da rigakafi suka shiga cikinsu, Wakefield da kansa ya je ya gana da iyaye, bayan an riga an soke shi a Birtaniya. A 2004 kashi 92 cikin ɗari na yaransu ake yi wa allurar, zuwa 2014 ya koma kashi 42. A 2017 ƙyanda ta ɓarke, ta kama sama da mutum 70, yawancinsu ƙananan yaran wannan al'umma da ba a yi wa allura ba.

Wadda ba ta taɓa jinyar ƙyanda ba za ta ɗauka ƙuraje ne da zazzaɓi. Ni na yi lokutan zafi da dama a ɗakin yara. Ƙurajen ba su ne abin tsoro ba. Abin tsoron shi ne numfashin da ke sama-sama saboda ciwon ya sauka huhu, da gudawar da ke tsotse yaro cikin kwana biyu, da idon da ke rufewa wani lokaci bai sake gani ba. Yaron da ya warke ma yakan daɗe yana laulayi, don ƙyanda na goge wani ɓangare na kariyar da jikinsa ya tara daga cututtukan baya. Ƙwayar cutar na iya zama a iskar ɗaki har awa biyu bayan mai ita ya fita, kuma cikin mutum goma marasa rigakafi da suka zauna da shi, tara na iya kamuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2023 ƙyanda ta kashe mutum sama da 100,000, yawancinsu 'yan ƙasa da shekara biyar. Wannan shi ne abin da ke ɗaya gefen sikelin ranar da uwa ta ce bari in dakata tukuna.

Kada ki ji kamar ina ganin laifin matar yayana. Ban gani ba, kuma na faɗa mata. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Mu a arewa muna da tarihinmu. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano a wani gwaji da ya ƙunshi yara kusan 200. Yara 11 suka rasu, iyaye suka ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ne ba, kamfanin ya ce sanƙarau ne ya kashe su, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009 a kan dala miliyan 75. Uwar da ta girma tana jin wannan labari, in ta tsaya ta yi tambaya kafin ta miƙa cinyar ɗanta, ba jahilci ba ne. Abin da ya ɓata min rai shi ne yadda ake amfani da wannan tabo namu a sayar mana da mutumin da shi kansa an same shi da laifin gwaji a jikin yara ba bisa ƙa'ida ba. Ƙari a kan haka, allurar da ya yi magana a kanta, mai haɗe da hangum, ba ita ce ma ake yi wa 'ya'yanmu a wata tara a asibitocin gwamnati ba.

Akwai wani salon kuma, na jingina magana ga babban suna. Kin tuna saƙon da ya karaɗe wayoyi a 2021, wai wani Bafaranshe mai lambar yabo ta Nobel ya ce duk wanda aka yi wa allurar korona zai mutu cikin shekara biyu? Mutumin na gaske ne, Luc Montagnier, ya sami Nobel a 2008 saboda aikin gano ƙwayar cutar ƙanjamau. Maganar shekara biyun bai faɗa ba, ɗora masa aka yi. Abin da ya faɗa da bakinsa na sukar allurar ma, masanan fannin sun duba ba su ga hujjarsa ba. Ni an yi min allurar a shekarar, mu ma'aikatan lafiya aka fara yi wa. Ga ni ina rubuto miki. Yawan takardun mutum da girman lambar yabonsa shaida ne a kan aikin da ya yi a baya, a fannin da ya yi shi. Ba su zama hatimi a kan duk maganar da zai yi gobe ba.

To me za ki yi da wayar da ke hannunki in irin wannan ya sake zuwa? Ba na cewa ki koma jami'a. Abu na farko, nemi sunan. In bidiyo ya ce “wani babban likita” bai kama suna ba, ki wuce kawai, wanda ke da shaida ba ya ɓoye ta. In akwai suna, ki rubuta shi a Google, ko ki ba ɗiyarki 'yar sakandare ta rubuta miki. Na gwada da sunan Wakefield a daren, layin farko da ya fito ya ƙare zancen. Takardar tasa tana nan a shafin Lancet har yanzu, amma an buga mata kalma da manyan jajayen haruffa, RETRACTED, ma'ana an janye. Ki haddace siffar wannan kalma ko ba kya jin Turanci. Sai ki tambayi kanki mutum nawa aka duba, sha biyu ne ko dubu ɗari biyar. Mafi muhimmanci a wurina shi ne wannan: wasu mutanen dabam, a wata ƙasa dabam, waɗanda ba abin da ya haɗa su da shi, sun maimaita sun sami abin da ya samu? Girkin da bai taɓa yin daɗi a tukunyar kowa ba sai ta mai shi, akwai abin da ba ta faɗa miki ba.

Ki kuma sani cewa ba kowace mujalla ce mujalla ba. Akwai waɗanda aikinsu karɓar kuɗi ne su buga duk abin da aka aiko, ba mai dubawa. Akwai masu ambaton kansu da kansu a kowace takarda don lambar ta hau, akwai abokai da ke yi wa juna, kamar biki. Masanan sun san da haka, suna ta faɗa a kai a tsakaninsu. Mu ne na waje ake ruɗa da lambar.

Da nake wannan tunani a bakin aiki, idona ya faɗa kan kwalin ORS da ke kan tebur, garin gishiri da sukarin nan da muke ba iyaye su dama wa mai gudawa. A 1971, lokacin yaƙin da ya haifar da ƙasar Bangladesh, 'yan gudun hijira sun cika sansanoni a kan iyakar Indiya, kwalara ta shiga cikinsu. Wani likitan yara ɗan Indiya, Dilip Mahalanabis, yana aiki a sansanin Bangaon, ruwan ƙarin da ake sawa ta jijiya ya kusa ƙare masa, ma'aikatan da suka iya sa shi ba su da yawa. Dama an riga an gwada ruwan gishiri da sukari a asibitocin bincike a Dhaka da Kalkata, amma a hannun ƙwararru. Shi sai ya dama shi a manyan durom, ya ba 'yan'uwan marasa lafiya kofuna ya ce su yi ta ba su. A cikin mutum sama da 3,000 da aka yi wa haka, mutuwa ta sauko daga kusan kashi 30 cikin ɗari zuwa ƙasa da kashi 4. Ya buga sakamakon a 1973, kuma da farko ba kowa ya yarda ba, abin ya yi sauƙi da yawa. Amma duk inda aka maimaita sai ya yi aiki, a Asiya, a Afirka, a ɗakin da nake zaune a daren. Ya rasu a Oktoban 2022. Na tambayi abokan aikina uku da muke kwana tare ko sun san sunansa, ba wadda ta sani, alhali kowaccenmu ta yaga wannan leda ta zuba a lita ɗaya ta ruwa sau ba adadi. Ke ma kin yi, ranar da gudawa ta kama na goye da tsakar dare. Ba wani shafi a intanet da ya ƙirga wannan.

Da asuba na kira matar yayana, don irin wannan magana ba ta saƙo ba ce. Na ba ta labarin kamar yadda na ba ki, a taƙaice. Ta yi shiru, sannan ta ce, “To ƙanwata, in wani abu ya same shi fa?” Na ce Anti, zai iya yin ɗan zazzaɓi bayan kamar mako guda, wani yaron har ƙananan ƙuraje yakan yi su wuce da kansu, wurin allurar zai iya yin tsami. In jikinsa ya yi zafi sosai, ko ya ƙi nono, ko kika ga abin da hankalinki bai kwanta da shi ba, ki kira ni ko ƙarfe nawa ne, mu tafi asibiti. Ban ce mata ba abin da zai faru ba, don ba a yi wa uwa irin wannan alkawari.

Ranar Alhamis na sauka daga aiki na bi ta gidan muka tafi tare. Layin ya yi tsawo, sai wajen sha ɗaya aka zo kanmu. Ya callara ƙara, aka ɗiga masa bitamin A a baki, kafin mu kai bakin titi ya yi barci a bayanta. Na sa ta buɗe katin ta ga inda aka rubuta ranar allura ta biyu, in ya cika wata 15, don wannan ce iyaye suka fi mantawa, kuma guda ɗaya ba ta kama kowane yaro ba.

A cikin adaidaita na ce ta tura bayanin nan zauren da bidiyon ya fito. Ta ce a'a, wadda ta turo shi gwaggon mijinta ce, ba za ta iya ƙaryata ta a gaban mutum sittin ba. Na fahimta, ni ma da surukai nake zaune. Muka tsaya a kan cewa in wannan rubutu ya fito za ta tura shi ba tare da ta ce komai ba.

In ke ma an turo miki wani da sunan likita a ciki, rubuta min sunan a ƙasa, mu duba shi tare. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, sai yaye.